Darasin Kasuwa: San Tukunyar Kafin Ka Ɗaure Kaya

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata sana'a ce da Turawa suka mayar ilmi mai zaman kansa, har akwai kamfanonin da ba su sayar da kome sai ita. Ita ce binciken masu saye, watau a san wane ne ke sayen kaya, yaushe yake saye, don me, kuma nawa aljihunsa ke iya ɗauka. Za mu yi karatun ne a kan mutanen Karebiyan, irin su Jamaika da Tirinidad da Barbados da Gayana, waɗanda suka bar ƙasashensu suka zauna Ingila da Amurka da Kanada. Wani zai ce, ina ruwan mai awon dawa a Dawanau da mutumin Jamaika? To, ruwansa shi ne zoɓo da citta da wake. Mu kuwa mun taɓa ƙonewa a nan, shi ya sa muke da bakin magana.

Shekarun baya wani dillali ya zo rumfarmu bayan la'asar, bakinsa zuma-zuma, ya ce yana da mutum mai sito a Landan. Ya ce, "Alhaji, baƙar fata sun haura miliyan a garin nan, kowa kuwa zoɓo yake sha. Ku dai ku ɗaure kaya, kuɗin fam-fam ne." Maganar miliyan gaskiya ya faɗa, daga baya mun tabbatar. Mu uku muka haɗa jari, muka jira kaka, zoɓo ya sauko daga ƙasar Jigawa ya yi araha, muka saya muka ɗura a manyan buhuna kamar yadda muka saba yi wa dawa. Kafin a gama takardu, mota ta kai Ikko, a sami jirgi, a ƙetare ruwa, a fito da kaya daga hannun kwastan na can, watan Fabrairu ya kama. Sai mutumin Landan ya bugo waya ya ce, "Alhaji, ai an ci kasuwar an watse." Ashe galibin masu sayen zoɓo a unguwarsa mutanen Jamaika ne da 'yan'uwansu na tsibirai, su kuwa abin shan Kirsimeti ne a wurinsu, a makonnin da ke gaban 25 ga Disamba ake rububinsa. Ya ƙara da cewa namu a gauraye yake, mai duhu da mai haske, da tsinke da ƙasa a gindin buhu, alhali masu kanti ƙananan ƙunshi suke so a rufe, da suna da nauyi a rubuce. Kaya ya yi kwantai, kuɗin sito ya cinye riba ya taɓa uwa. Ɗayanmu bai ƙara haɗa jari da kowa ba har yau.

Da muka zauna lissafi sai muka ga ba dillali ya cuce mu ba, ba kuma farashi ba. Kayanmu mun san shi ciki da bai, mai sayen ne ba mu sani ba. Da tambaya ɗaya tak muka yi, "yaushe suke sha?", da mun gane zoɓon da zai ci kasuwar Kirsimeti a can lalle na bara ne da aka ajiye a bushe, domin na bana yana gona ko yana shanya sa'ad da ya kamata a ce jirgi ya tashi.

To, su wane ne mutanen nan? Galibinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka aka kai gonakin rake. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta rasa hannun aiki. Ran 22 ga Yuni 1948 wani jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke fasinja a tashar Tilbury kusa da Landan, fiye da 800 daga cikinsu daga Karebiyan suka fito. An fara saukar da waɗansu a wani ramin ɓuya na zamanin yaƙi a Clapham, ofishin neman aiki mafi kusa da su kuwa yana Brixton, sai Brixton ta zama unguwarsu, kamar dai yadda zango ke kafuwa inda fatake suka fara sauke kaya. Suka shiga aikin bas da jirgin ƙasa da asibiti da masana'antu. Hukumar sufurin Landan ma har Barbados ta riƙa zuwa ɗaukar ma'aikata tun 1956. A 1962 Ingila ta kafa dokar da ta ƙuntata shigowa, a 1965 Amurka ta sassauta tata, sai ayari ya karkata zuwa Niyok, musamman Brooklyn, da kuma Toronto ta Kanada.

Ƙofar farko ta wannan bincike ita ce ƙidayar jama'a, a nan kuma ake fara zamewa. A 1991 ne ƙidayar Biritaniya ta fara tambayar mutum asalinsa. A wannan shekara baƙaƙen Karebiyan kusan 500,000 ne, na Afirka 212,000. Da aka yi ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 sai 'yan Karebiyan suka tashi 623,000, 'yan Afirka kuwa miliyan ɗaya da rabi. Ka ga cikin shekara talatin ma'auni ya juye. Wanda ya je Landan zamanin da, ya dawo yana cewa baƙaƙen can duk 'yan Jamaika ne, a lokacinsa bai yi nisa da gaskiya ba. Wanda ya faɗi haka yau ya yi ƙarya. Miliyan ɗin dillalinmu ta haɗa Bayarabe da Basomale da mutumin Gana da mutumin Jamaika a buhu ɗaya, ta ɗinke baki, ta rubuta "baƙar fata". Mu da ba mu yarda a haɗa mana kaura da farfara a ce dawa ce kawai, yaya muka yarda da wannan?

Har wa yau ƙidaya tana ɓoye waɗansu. A ita ta 2021 an sami mutum 513,000 da suka ce su ruwa biyu ne, Bature da ɗan Karebiyan, an ba su layinsu dabam. Akwai kuma Indiyawan Karebiyan. Bayan an soke bauta, Turawan Ingila sun kawo 'yan ƙwadago daga Indiya, Gayana tun 1838, Tirinidad tun 1845, har zuwa 1917. Jikokinsu babban ɓangare ne na jama'ar ƙasashen biyu, da 'yan Hindu da Musulmi da Kirista. Irin wannan mutum in ya zo cika takardar ƙidaya ba zai ce shi baƙi ba ne, sai ya faɗa wani layi, mai bincike ya neme shi ya rasa. Ga shi kuwa a Niyok suna da unguwa guda, Richmond Hill, inda titin Liberty ke cike da kantunansu, har da na naman halal.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗiban samfur, mu kuwa nan gidanmu ne. Babu wanda ke zazzage buhu ɗari ya ƙirga ƙwaya. Ƙarfen nan mai rami muke soka wa buhu, sama da tsakiya da gindi, mu zaro mu duba a tafin hannu, domin mun san mai algus a baki yake zuba mai kyau. Masu bincike ma haka suke yi, ba sa tambayar kowa da kowa, sai su zaɓi mutum dubu ko dubu biyu su tsaya a madadin ƙasa duka. Amma duba lissafin. 'Yan Karebiyan mutum ɗaya ne cikin ɗari a Ingila da Wales. In an tambayi dubu, goma ne za su faɗo ciki, ko kusa da haka. Cikin goman wataƙila uku tuzurai ne da ba su taɓa ɗora tukunya ba. A kan bakin sauran bakwai za ka ɗora jarinka? Saboda haka kamfanin da ya san aikinsa yakan biya a yi masa ƙari, a je musamman inda suke da yawa a ƙara tambayar ɗaruruwa. Fiye da rabinsu a Landan suke, a yankuna irin su Lambeth da Lewisham da Croydon da Brent, sai Birmingham ta biyo.

Ƙarin ma da nasa ciwo. Wanda ya tsaya kasuwar Brixton da takarda ya sami waɗanda har yanzu nan suke cefane, ya rasa waɗanda suka yi kuɗi suka koma bayan gari, su ne kuwa masu aljihu. Wanda ya je coci ran Lahadi, dattawan mata zai fi samu. Wanda ya tura tambaya ta intanet, samari da 'yan mata ne za su amsa, tsohuwar da ke riƙe da ludayi ba ta ma gani ba. Mafi muni shi ne wanda ya je bikin Notting Hill na ƙarshen Agusta, ko na Brooklyn na farkon Satumba, ya ga titi ya cika ya batse, ana cin gasasshiyar kaza, ya dawo ya ce ga kasuwa. Wannan bakin buhu ne kawai. Kamar baƙo ne ya sauka Kano ran hawan Daushe ya koma ya ce Kanawa kullum a kan doki suke.

Akwai kuma maganar amana. A 2018 aka fallasa cewa hukumomin Biritaniya sun riƙa ɗaukar waɗansu tsofaffin 'yan Karebiyan, da suka zo tun suna yara bisa ƙa'ida, a matsayin baƙin haure don ba su da takardar shaida. Waɗansu suka rasa aiki da magani, waɗansu aka fitar da su daga ƙasar, har ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka a watan Afirilu na shekarar. To, mutumin da ya ga an yi wa yayansa haka, baƙo ya tare shi da takarda yana cewa, ina aka haife ka, wace shekara ka shigo, nawa kake samu, kana tsammanin amsar kirki? A ganinmu mai tambaya rabin bincike ne. In ba ɗan gida ba ne, ko wanda ɗan gida ya gabatar, amsar sallamar baƙo zai samu. Mu ma in mai haraji ya tambaye mu buhu nawa ke sito, mun san irin lissafin da muke yi masa.

Yanzu mu shiga tukunya, inda darasin ya fi daɗi. Kalmar Karebiyan kanta buhu ce mai gauraye. Mutumin Jamaika ran Lahadi shinkafa da wake yake ci, amma da jan wake mai siffar ƙoda, a dafa da madarar kwakwa da attaruhu. In Kirsimeti ta zo sai ya fi son waken itace, wanda waɗansu namu ke kira waken Turawa, su kuma suna ce masa gungo. Farin wakenmu mai baƙin ido ba shi ne na farko a tukunyarsa ba. Amma mutumin Gayana, daren ƙarshen shekara, yakan dafa shinkafa haɗe da wake da nama a tukunya ɗaya, wake mai baƙin ido kuwa yana cikin waɗanda ya fi so a wannan dare. Mutumin Tirinidad ga shi da gurasar Indiyawa da suke kira roti, da kori, da waken da suke kira chana. Mutumin Barbados abincin ƙasarsa tuwon garin masara ne da ake tuƙawa da kuɓewa, a ci da kifi. Da za a ajiye wa Bakano shi, sai ya ce an haɗa masa tuwo da miya wuri ɗaya don ganda. Doya ma ba ɗaya ba ce. Ta Jamaika da suke mararinta rawaya ce, daga gundumar Trelawny ake noma mafi yawanta. Farar doyar Gana da ta cika kantunan Landan sukan saya, amma in ka tambaye su sai su ce ba ita ba ce. Sa'an nan ga addini: 'yan cocin Asabar da 'yan Rasta ba sa cin alade, 'yan Rasta da yawa ma sun bar nama duka, waɗansu har gishiri.

Ba kuwa kome ne ya bambanta ba, kada a wuce gona da iri. Lemon Supermalt, wanda wani kamfanin Danmak ya fara yi a 1972 domin kasuwar Nijeriya, ya zama abin shan biki a gidajen 'yan Afirka da na 'yan Karebiyan na Ingila baki ɗaya. Agada da attaruhu da kuɓewa da gwaza duk rumfa ɗaya suke saye. Aikin mai bincike ke nan, ya rarrabe inda bakinsu ya zo ɗaya da inda ya rabu, kaya bayan kaya, ba ya yanke hukunci a dunƙule ba.

Suna ma ciniki ne. Zoɓon nan da muke ta magana, in ka rubuta "zobo" a jikin ƙunshi ɗan Nijeriya ne zai ɗauka. Mutumin Jamaika sorrel ya sani, na Gana sobolo, na Senegal bisap, na Sudan karkade. Mutanen Meziko kuwa, waɗanda su ne manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, jamaica suke ce masa, sunan tsibirin kansa. Ganye ɗaya, suna shida, mai saye shida. Kuma mutumin Jamaika ba ya jiƙa shi shi kaɗai, da citta yake haɗawa da kayan ƙamshi, shi ya sa mai kanti mai wayo ke jera su kusa da juna in Disamba ta kama. Mai cittar Kaciya da Kafancan ya riƙe wannan. Waɗansu gidaje sukan zuba masa barasa, waɗansu ba sa zubawa. Mun faɗa ne don kada wani ya ji daga baya ya ce mun ɓoye, wanda zuciyarsa ta yi shakka ya tambayi malaminsa.

Kalandarsu ba ta tsaya ga Kirsimeti ba. In azuminsu na gaban Ista ya kama kifi yakan yi kasuwa, 'yan Jamaika kuma su yi ta sayen wani burodi mai zaƙi da kayan ƙamshi wanda suke ci da cuku. Agusta kuwa watan bukukuwa ne, Jamaika ta sami 'yanci ran 6 ga wata a 1962, Tirinidad ran 31. Mu da muka san yadda gero da sukari da dabino ke tashi in watan azumi ya gabato, bai kamata a koya mana cewa kowace al'umma da nata lokacin ba. Sai dai nasu bisa watan Bature yake tafiya, ba ya zagayawa kamar namu, saboda haka ya ma fi sauƙin shiri.

Abin da ya fi wahalar da masu binciken shi ne tazarar da ke tsakanin baki da aljihu. Sukan tara mutum shida zuwa goma a ɗaki, a ba su shayi da ɗan hasafi, wani ya yi ta jan su da hira, ana naɗar magana. Ka tambayi matar da aka haifa a Birmingham, jikar waɗanda suka zo a jirgi, me take dafawa, a gaban 'yan'uwanta, za ta ce abincin kakarta. Ba ƙarya take yi ba, Lahadi da ranar biki take nufi. Sauran kwana shida tana dawowa aiki a gajiye ta buɗe gwangwani. Kakar takan jiƙa busasshen wake tun daren Asabar ta goge kwakwa da hannu. Jikar waken gwangwani take saye da madarar kwakwa ta gwangwani da kayan yaji na kwalba. Masu busasshen kaya irinmu su lura da kyau: ƙidaya ta nuna 'yan Karebiyan na Ingila sun fi 'yan Afirka na can yawan shekaru, watau masu jiƙa wake suna tsufa, masu buɗe gwangwani suna ƙaruwa. Ba a daina cin waken ba, hannun da ke sayensa ne ya sauya, daga uwar gida ya koma masana'antar da ke dafawa ta rufe.

Don gudun wannan tazara sai manyan kantuna suka koma duban aljihu kai tsaye. Tun 1995 kantin Tesco ya fito da katin da ke rubuta duk abin da mai shi ya saya. To amma katin ba ya ganin abin da aka saya a rumfar Ridley Road ko ta Peckham ko wurin mahaucin unguwa, inda doya da kifin gishiri da naman akuya ke fita. Sai littafin babban kanti ya nuna mutanen nan ba sa sayen doya, alhali doyar ce ba ya ajiyewa. Haka kuma in ya ga mace ɗaya ta kwashi shinkafa da mai da sabulu da man goge baki na mutum ashirin, sai ya zaci gidanta ya cika da 'ya'ya. Ganga take cikawa. Al'adarsu ce su sayi babbar ganga su yi wata da watanni suna tara kaya a ciki, su aika gida ta jirgin ruwa ta isa kafin Kirsimeti. Mai cin kayan yana Kingston, mai biya yana Brooklyn. Kuɗin da mazauna waje suka aika Jamaika a 2021 ya haura dala biliyan uku, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba.

Suna kuma da adashi. 'Yan Jamaika pardna suke ce masa, 'yan Tirinidad susu, 'yan Gayana kuma suna da nasu sunan. Zamanin da bankunan Ingila ke hana su rance, da shi da yawansu suka biya kuɗin farko na gida suka kuma aika wa iyali kuɗin jirgi. Mai binciken da ya tsaya kan albashi kaɗai zai ce wance ba ta iya sayen firiji ba, ran da ta kwashi adashi kuwa ta biya lakadan. Wannan ba sai an fassara wa Bahaushe ba.

Waɗanda suka fara cin wannan kasuwa ba da takardar tambaya suka ci ta ba. A 1965 waɗansu 'yan Jamaika biyu, Len Dyke da Dudley Dryden, suka buɗe kanti a Tottenham suna sayar da fayafayan kiɗa, da ɗan kayan shafa a gefe. A 1968 Tony Wade, mutumin tsibirin Montserrat, ya shigo cikinsu. Manyan kamfanonin Ingila a lokacin ba su yi wa gashin baƙar mace kome ba, don a lissafinsu ba ta kai a kula ba. Su kuwa waɗannan kullum matan na tsaye a gabansu suna tambayar man kitso da na shafa. Sai suka karkata ga kayan gashi, suna shigo da su daga Amurka, daga baya suna yin nasu, har kamfanin Dyke & Dryden ya zama na farko na baƙar fata a Biritaniya da cinikinsa ya kai miliyoyin fam. Bincikensu shi ne tsayuwa bayan kanta da kunne a buɗe. Amma sani ba ya zama na mutum ɗaya: daga baya galibin kantunan kayan gashi na unguwannin nan suka koma hannun 'yan Indiya da Pakistan, waɗanda su ma suka tsaya suka saurara, ga su kuma da jari.

Wani mutumin Jamaika mazaunin Brixton, Levi Roots, ya sayar da miyar yajinsa a bikin Notting Hill. A 2007 ya fito a wani shirin talabijin na BBC inda masu kuɗi ke sauraron masu neman jari, biyu daga cikinsu suka ba shi fam 50,000 a kan kashi 40 cikin ɗari na sana'ar, kantunan Sainsbury's suka ɗauki kayan. Abin lura a nan, mutum ɗaya cikin ɗari ba su isa su kwashe kwalaben da ke kantunan ƙasa duka ba. 'Yan'uwansa ne suka fara shaida kayan, amma maƙwabta ne suka cika masa aljihu. A wannan shekarar ce kuma kamfanin GraceKennedy na Kingston, wanda aka kafa tun 1922, ya sayi kamfanin WT Foods na Ingila mai rarraba irin waɗannan kayan abinci. A karatunmu ba sito da motoci kaɗai ya saya ba, ya sayi littafin da ya san wane kanti ke ɗaukar me a wane wata.

Saura ƙofa ɗaya, wadda in ta rufe duk sanin mai saye banza ne, watau doka. Abincin ƙasa na Jamaika kifin gishiri ne da 'ya'yan wani itace da suke kira ackee. Asalinsa Afirka ta Yamma ne, shi ne Yarabawa ke kira ishin, fataken goro na da kuma suna sa shi cikin itatuwan da suke ce wa gwanja-kusa. In bai nuna ya buɗe da kansa ba yana da dafi mai kisa. Saboda haka a 1973 Amurka ta hana shigo da shi, sai a 2000 ta buɗe wa waɗansu masana'antun da ta yarda da aikinsu. Shekara ashirin da bakwai ga masu so ga kuɗi a hannu, babu hanya. Mu ma ta faɗa mana: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka riƙa samu ya wuce kima, a 2016 ta ƙara wa'adin da shekara uku. Wannan ba sharrin Bature ba ne, mun san abin da waɗansunmu ke zuba wa wake a sito, Allah ya shirye mu. Duk mai niyyar aika abin ci ya sa a duba masa dokar ƙasar ta ranar da zai ɗaure kaya, ba ta bara ba.

Waɗanda suka yi karatun Risala za su tuna a babin ciniki an hana cinikin garari, an kuma halatta sayen abin da ke cikin ƙunshi bisa takardar da ta siffanta shi, in siffar sananniya ce. Cinikin ƙetare duk irin wannan ne, mai saye bai ga kaya ba, mai kaya bai ga mai saye ba. Mu dai mun saba rubuta siffar kaya. Abin da muka ƙara yanzu shi ne mu nemi a rubuto mana siffar mai saye.

Bana da mutumin Landan ya sake nemanmu, ba mu ce masa albarka ba, ba mu kuma sallama ba. Mun ce ya zaga kanti goma a unguwa uku dabam-dabam, ba na abokansa kaɗai ba, ya tambayi masu su: wa ke sayen zoɓo a nan, mutanen wace ƙasa, tsofaffi ko yara, a wane wata ya fi fita, kuma ƙunshi nawa ya fita a Disambar bara da kuma a Mayu, mai duhu suke so ko mai haske, cikakken ƙoƙo ko ɓararre, wane suna ke jikin wanda ya fi tafiya, daga wace ƙasa ya zo, nawa suke sara nawa suke sayarwa. Mun ce ya sayo ƙunshi uku na waɗanda ke kan kanta ya aiko mana da mai zuwa, mu jiƙa su kusa da namu mu ga launi da tsami da idonmu da harshenmu. Mu kuma mun ware buhu biyu daga na bara, mata sun tsince sun sheƙe, an kasa su ƙananan ƙunshi, rabi an rubuta sorrel rabi an rubuta zobo, za su bi jirgin sama cikin watan Satumba in Allah ya kai mu. Sauran yana sito a kan katako, nesa da bango, sai amsa ta zo. Abin da ya fito, mai daɗi ko marar daɗi, za mu buga shi a wannan shafi.